Tarihin rayuwata kashi na 14: Satin da Baba ya ga Yamai

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan satin mun tsaya inda anka yi wa Baba aikin ido, anka cire mishi yanar da ta rufe idon dama kusan shekara ukku. To lokotoro ya ce kada mu koma Tawa sai an sake dubawa bayan sati biyu, ya ba mu maganin ɗigawa da baƙin tabarau ya ce a kiyaye ƙura. Watan Disamba ne na 2013, sanyi ya kama sosai, muna kwana gidan Kawu a unguwar Bukoki cikin Yamai, ɗaki guda ni da Baba da ɗiyan Kawu maza biyu.

Kwanakin farko Baba bai fita ko ƙofar gida ba, yana zaune bisa tabarma yana juya tafin hannunshi yana kallo kamar wanda anka ba sabon hannu. Ran na biyar bayan sallar asuba muna shan kunu sai ya ce, kai, wanga gari ina gulbinshi yake? Ni ne ɗan fari, tun da nike bai taɓa kiran sunana ba, kai ɗin nan shi ne sunana wurinshi. Na ce Baba ai kun sha ƙetare shi. Ya ce na ƙetare amma ban gane shi ba.

Kuma gaskiya ya faɗa. Mutumin nan ya yi shekara goma sha tara yana zuwa cin rani Abijan kamar yawancin mazan Adar, yana tallar agogo da tabarau, duk shekara ta Yamai yake bi zuwa da dawowa, amma abin da ya sani a garin tasha ce kawai da benci da masu shayi. A sauke su da dare, su kwana bisa kayansu don tsoron ɓarayi, kafin gari ya waye babbar motar fasinja ta ɗauke su ta haye gada ta nufi Torodi da Makalondi sai Burkina. Kuɗin da ke aljihu na hatsi ne da na ɗiya, wa zai taɓa shi don ya je kallon gari. Wallahi da ya faɗi haka sai da na ji wani abu ya tokare min maƙoshi.

Munka tari taksi, dala arba'in arba'in, ya aje mu kusa da otel Gawai, munka taka da ƙafa har tsakiyar gadar Kenedi. Lokacin sanyi ne gulbi ke cika ya batse, ruwan damanar ƙasar Gine ne ke yin watanni a hanya ta Mali kafin ya iso Yamai, shi ya sa ko ɗigon ruwan sama babu amma ga ruwa nan iya ganinka. Baba ya riƙe ƙarfen gada da hannu biyu. Ga masunta cikin kwale-kwale suna jefa birgi, ga masu wanki sun shanya tufafi kala-kala bakin gaɓa, ga raƙuma ɗauke da tabarmi da itace suna ƙetarowa tsakanin motoci da babura ba abin da ya dame su. Na nuna mishi Harobanda can ƙetare inda jami'ar Abdu Mumuni take, na ce wagga gada tun 1970 take, ga kuma sabuwa can ƙasa da ƴan Sin sunka gina anka buɗe 2011. Bai kula da zancen gada ba sam. Abin da ya ce shi ne, duk wanga ruwa na wucewa haka nan, mu kuwa Inna taku tana jan wasaki gaba ashirin. Mun fi awa guda a wurin, ni dai ina tsoron ƙura da iska ina cewa Baba ku gyara tabarau.

Washegari sai Mize, gidan tarihin Bubu Hama, wanda ke nan tun 1959. Nan ne munka wuni. Ya ga zaki ya ga kura ya ga dorina tana hamma cikin ruwanta, bai wani girgiza ba, ya ce kura dai ta rame. Ɗakin tufafin gargajiya ya burge shi don ya ga irin kayan Buzaye da na Fulani da na sarakunan Hausa da ya sani tun yana yaro. Ƙasusuwan dabbobin zamanin da da anka tono can cikin ƙasar Agadas, har da wani kada da tsawonshi ya wuce mita goma, ya zagaya su sau biyu yana salati, ya ce ke nan inda babu ko ciyawa yau da can gulbi ne, ikon Allah ya wuce tunani.

Amma inda ya tsaya ya kasa gaba shi ne wurin iccen Tenere. Wanda bai sani ba, wani icce ne mai ƙaya da ya tsaya shi kaɗai tsakiyar hamada bisa hanyar ayarin gishiri na Bilma, ana cewa sai ka yi kilomita wajen 400 ba ka ga wani ba, saiwarshi ta nutsa fiye da mita 30 ta cim ma ruwa. Ayari nawa sunka yada zango gindinshi, ba wanda ya taɓa karya reshe don dafa shayi, ba wanda ya bar raƙuminshi ya ci ganyen. Sai a 1973 wani direban kamiyo ya banke shi ya kashe, duk faɗin hamadar nan. Anka ɗauko gawar iccen anka kawo Yamai anka gina mishi ɗaki, can inda yake kuma anka kafa na ƙarfe. Na karanta wa Baba allon na fassara mishi, ya yi shiru, can ya ce 73 ai shekarar da shanun babana sunka ƙare ke nan, shekarar da na fara fita. Ban taɓa sanin fari ne ya fara fitar da shi daga gida ba sai ran nan gaban wani busasshen icce.

Babbar kasuwa da Katako mun leƙa amma bai jima ba, ya ce kasuwa ya gani har ta ishe shi a Ajame ta Abijan. Juma'a munka yi a babban masallaci wanda Libiya ta gina, ya ji daɗi ƙwarai.

Zuwa Kure kallon raƙuman dawa kuwa shawarar Kawu ce. Ya aro motar abokinshi, na zuba esansi da kuɗin da nike tarin sayen waya, ran Lahadi munka kama hanyar Doso, kilomita wajen 60. A bakin gudro ake ɗaukar ɗan jagora don ba a shiga haka nan, namu wani Bazabarme ne mai jin Hausa, Baba ya ce mishi fofo, iyakar Zabarmancinshi ke nan, sunka yi dariya sunka ƙulle. Ya ce da rani raƙuman dawa sukan sauka wajen kwarin Dallol Boso inda gawo ya yi yawa, tunda gawo da rani yake ganye, munka yi ta kutsawa cikin gonakin da anka girbe, shi yana zaune bisa tagar mota yana hange, har na fara fid da rai. Sai ya buga rufin mota.

Guda bakwai, har da jinjiri. Suna tsaye cikin karan hatsi suna cin gawo daga sama, ga wata mata can ta wuce da tulu a ka ko waiwaye ba ta yi ba, ga yara na kiwon awaki kusa da su. Ba shinge ba keji, tare suke rayuwa da mutane, har ma manoma na kukan suna cinye musu wake da mangwaro. Ɗan jagora ya ce duk Afirka ta Yamma su kaɗai sunka rage, a 1996 ba su wuce hamsin ba, sai da anka tsaya tsayin daka anka hana farauta sannan sunka yaɗu sunka kai ɗaruruwa. Baba ya fita mota a hankali, ya cire tabarau, na buɗe baki in yi magana Kawu ya riƙe min hannu. Ya matsa har ya rage ƴan taku, babbar ta sunkuyo da kai tana kallonshi da dogon gashin idon nan nata. Ya ce kakanshi ya sha ba su labarin yana ganin su arewa da Tawa suna gudu tare da barewa, su kuwa suna ɗauka gatana ce irin ta tsoho. Ya ce Allah ya jiƙan tsoho, bai yi ƙarya ba. Na ɗauki hoto da wayar ɗan Kawu, shi ne har yau rataye a ɗakin Inna. Tun abin da ya faru a wurin watan Agusta 2020, da anka kashe mutum takwas, ban sake komawa ba, kuma abin na ci min rai.

Munka yi la'asar gindin wani gawo munka kamo hanya. Ku tuna na faɗa muku idon hagu ma yana ta fara rufe shi, amma Baba ya rantse ba a taɓa shi, ya ce guda ya isa ya ga gabas ya ga gona, kada a ɓata kuɗi. Muna shigowa gari wajen filin jirgi, fitilu sun fara kamawa, sai na ji daga baya ya ce, kai, in an koma wurin lokotoron nan ka tambaye shi na hagun nawa ne.

Ni kuwa a ranar abin da ya rage aljihuna jika biyu ne da ƴan canji. Yadda anka yi na samo kuɗin, da aikin dakon da na shiga a Katako ba tare da sanin Kawu ba, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.