Daga Bakin Zambezi Zuwa Windhoek a Kan Keke

Tsakanin garin Livingstone na Zambiya da Windhoek, babban birnin Namibiya, akwai kusan kilomita 1,500 idan aka ratsa ta Botswana, kuma galibin hanyar shimfiɗe take, ba hawa ba gangara. Wanda ya duba taswira sai ya ce ai wannan ɓagas ce. Waɗanda suka taɓa binta a kan keke murmushi kawai suke yi.

Ayarinmu ya haura mutum talatin, daga ƙasashe daban-daban, ga direbobi biyu, makanike, mai dafa abinci da ma'aikaciyar jinya. Babbar mota ɗaya tana ɗaukar jakunkuna da tukwane ta wuce masauki, ƙaramar kuma ta tsaya a tsakiyar hanya da abincin rana. Mu dai namu taka feda.

Ba a buƙatar agogo a sansani. Tun da duhu za ka ji an fara zuge zif ɗin tanti, wannan ya ja, wancan ya ja, ga hasken tocila yana yawo a goshin mutane. Ka naɗe tantinka jiƙe da raɓa, ka cusa a jaka, ka kai mota. Dokar ita ce sai jakarka ta shiga mota kafin ka miƙa kwanonka a zuba maka karin kumallo, kuma ban ga dokar da ta fi ta aiki ba a duk tafiyar, don yunwa ce ke tsaron ta. Gari na yin haske ana cika gorunan ruwa, a matsa tayoyi a ji iska, a ɗaura hular kwano, a fita biyu-biyu, uku-uku.

Ranar farko muka haye kogin Zambezi zuwa Botswana ta gadar Kazungula, wadda aka buɗe a 2021. Tsawonta mita 923, kuma a lanƙwashe aka gina ta don kada ta taɓa ƙasar Zimbabwe ko ta Namibiya, saboda a wurin iyakokin ƙasashe huɗu sun kusa haɗuwa. Kafin gadar jirgin fito ne ke tsallakar da motoci, direbobin manyan motoci su yi kwanaki a layi. Mu da kekuna 'yan mintoci muka yi a kanta.

Daga nan zuwa garin Nata kilomita 300 ne, hanyar giwaye. Botswana ta fi kowace ƙasa yawan giwa, kimanin 130,000, kuma a wannan yankin babu shinge tsakaninsu da kwalta. An ja mana kunne: ba fita kafin gari ya waye sarai, ba tsayawa ɗaukar hoto, in ka ga uwa da ɗanta a gefen hanya ka ja birki daga nesa ka jira mota ta zo ka raɓa ta gefenta ku wuce tare. Kashinsu muka fara gani a kan titi, yana tururi. Da giwar farko ta fito daga cikin itatuwa ta tsallaka a gabanmu ko kallonmu ba ta yi ba, amma an yi kilomita da dama babu wanda ya ce uffan. A Pandamatenga daji ya yanke, manyan gonakin dawa suka buɗe har iya ganin ido, sannan daji ya sake rufewa.

Wahalar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba a ƙafa take ba. A kan tudu mutum yakan miƙe tsaye a feda, a gangara kuma ya huta. A nan babu ko ɗaya. Zama ɗaya, wuri ɗaya na jiki a kan sirdi, awa shida ko bakwai, kullum. Fatar wurin ta saɓule, wani ma ƙurji ya fito masa. Tafin hannu ya mutu, wuya ya sage. Kafin a yi nisa kunya ta fita daga ayarin: za ka ga dattijo da furfura yana tattauna man shafawa da ma'aikaciyar jinya a gaban kowa, wasu na gefe suna ba da shawara. Wandon keke kuwa kullum sai an wanke shi, ko da ruwan gora ɗaya ne ya rage maka, don wanda ya maimaita na jiya zai ji a jikinsa jibi.

Sai iska. In ta biyo bayanka ka zama jarumi, in ta tare ka ta gaba, babu tudu ko bishiyar da za ta kare ka. Maganinta layi: mutum shida ko takwas su jeru, tayar gaban kowa tana kusan taɓa tayar bayan na gabansa. Na gaba ne ke fasa iskar, na baya suna rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da za su kashe. Bayan 'yan kilomita na gaba ya kauce ya koma can ƙarshe, na biye ya karɓa. A wannan layin ake sanin halin kowa. Akwai wanda in juyinsa ya zo sai ya ƙara wuta don a san shi ne, layin ya tsinke, marasa ƙarfi su zube a baya. Akwai wanda juyinsa na matsowa sai ƙishirwa ta kama shi, ya zame ya koma baya yana laluben gora. Akwai wata mata 'yar Kanada, ta ba shekara sittin baya, wadda ba ta gudu ba ta jinkiri, in ta ja layi kowa ya samu sa'ida. Da safe za ka ga mutane suna ɗan jan ƙafa wajen ɗaure takalmi don su ga sanda za ta tashi. Ba a faɗa wa kowa laifinsa a fili. Kawai wata rana mutum zai duba ya ga an tafi an bar shi da iskarsa.

Motar abincin rana tana tsayawa kaɗan bayan rabin tafiyar ranar, da gangan, don abin da ya rage ya zama ƙarami a zuciya. Burodi, man gyaɗa, ayaba, duk abin da hannu ya kai. Ban taɓa ganin mutane na ci haka ba, kuma duk da haka wanduna sai ƙara yawa suke yi. Ƙa'idar ita ce ka ci kafin yunwa, ka sha kafin ƙishi, ka zuba ɗan gishiri a ruwan, don in jiki ya ƙare a tsakar hanya ba ya sallama, ƙafa kawai za ta ƙi juyawa.

A yankin Kalahari tsidau ya fi giwa ɓarna. Wanda ya gungura kekensa a gefen kwalta zai kwashi ƙaya a tayoyi biyu, shi ya sa ko fitsari za ka tsaya sai ka ɗaga keken a kafaɗa. Da yamma wajen makanike ba ya rabo da masu faci, ana nutsa tib a bahon ruwa ana neman kumfa. Akwai kuma shingayen dabbobi da aka kafa saboda cutar baki da kofato ta shanu. A shingen Kuke, tsakanin Maun da Ghanzi, jami'in ya dube ni ya ce, "Rra (wato malam), har takalman da ke jaka." Muka taka tsumma mai magani, muka gungura tayoyi a ciki. Ba a wucewa da ɗanyen nama, don haka mai dafa abinci tun da wuri yake lissafinsa.

Masauki wani lokaci sansani ne mai famfo, wani lokaci fili ne kawai a gefen hanya. Da isarka ka sha miya mai gishiri, sannan babban aiki: zaɓen wurin tanti. Kowa ya san masu minshari, kuma su ma sun san an sani, in sun kafa nasu sai ka ga fili ya buɗe kewaye da su. A sansanin daji shebur ne bayan gida, kuma ma'aikaciyar jinya tana tsaye kusa da tukunya, ba ka taɓa ludayi sai ka wanke hannu da sabulu. Na fara ganin kamar ta cika tsanani, sai gudawa ta zaga rabin ayarin cikin kwana biyu, daga nan kowa ya zama mai gadin sabulun. Kafin abincin dare ana taruwa gaban farin allo, jagora ya rubuta nisan gobe, inda za a juya, inda ruwa yake. Ƙarfe takwas sansani ya yi tsit.

Akwai wasu da suka ɗaukar wa kansu alkawarin ba za su taɓa shiga mota ba, ko taku ɗaya. Ina girmama su, amma na ga yadda alkawarin yake cin mutum: zazzaɓi a jikinsa, ƙurji ya fashe, yana tuƙi yana cije leɓe, ya iso bayan kowa ba ya iya magana da kowa. Wanda ya hau mota rabin rana ya warke, a ganina, ya fi shi ganin Botswana.

A Maun aka huta. Nan ne ƙofar Okavango, kogin da ke tasowa daga tsaunukan Angola ya bazu a cikin yashi ba tare da ya kai teku ba, wanda UNESCO ta sa a jerin wuraren gado na duniya a 2014, ya zama na 1,000. Wasu sun shiga kwale-kwale, wasu ƙaramin jirgin sama. Da yawanmu wanki muka yi, muka goge sarƙa da tsohon buroshin haƙori, muka ci abinci sau biyar, muka yi barci.

Rana mafi tsawo ita ce ta zuwa iyakar Namibiya a Buitepos, sama da kilomita 200 a kan titin da ya ratsa Kalahari. Ranar ko masu ƙara wuta sun shiga hankalinsu. Jimina, shanu, turakun waya, sai lambobin kilomita a gefen titi. Wani ya fara waƙa, ta mutu. Mun isa ofishin iyaka da gishirin gumi ya bushe fari a rigunanmu, hannuna na rawa har da ƙyar na cike takarda.

Bayan Gobabis, garin da mutum-mutumin bijimi ke tsaye a bakin shigarsa, ƙasa ta fara ɗagawa. Windhoek tana kan tudu kusan mita 1,700, kuma daga wajen filin jirgin Hosea Kutako hanya ta koma hawa da gangara. Layin da muka saba ya watse nan take, kowa da nauyinsa. Amma murna ake yi, don an samu dalilin tashi daga sirdi. Washegarin isarmu Windhoek filin masauki ya cika da kwalayen zuba keke, ana sace iskar taya, ana juya kan keke, makanike yana zagayawa da sifana yana tuna wa kowa cewa fedar hagu dama ake murɗa ta in za a kwance ta.