Daga Damagaram zuwa taron Annecy

Tun ina koyon zane mai motsi a Damagaram nake jin labarin taron fina-finan zane mai motsi na garin Annecy a ƙasar Faransa, wanda aka fara a 1960, ake kuma yin sa a watan Yuni. Da na samu halarta, kasuwar da ake kira Mifa ce ta fi ɗaukar hankalina, domin a can ne masu zane ke zama da masu kuɗi da wakilan gidajen talabijin.

Wata ƙwararriya ta duba aikina a kwamfuta, ta tsaya kan wani raƙumi da na zana yana ratsa kasuwar Dole ta Damagaram, ta nuna mini cewa ƙafafunsa na zamewa a ƙasa saboda takunsa bai dace da saurin motsin hoton da ke bayansa ba. Na ji nauyi, amma gaskiya ta faɗa, kuma gyaran ya fi mini yabo amfani.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, kafin a fara nuna fim, manyan mutane sukan naɗa jiragen takarda suna jefawa gaban allo. Wasu kuma da suka ji daga Nijar nake, nan take suka ambaci marigayi Moustapha Alassane, wanda ya fara wannan sana'a a ƙasarmu tun shekarun 1960.