Awa nawa injin tafkin ninkaya zai yi yana aiki a rana?

Tun da na shiga aikin kula da tafkunan ninkaya na gidaje, babu tambayar da masu gida suka fi yi mini kamar ta tsawon lokacin da za a bar injin juya ruwa a kunne. Amsar da ke bakin kowa ita ce awa 8, kuma ba laifi a fara da ita, sai dai aiki ya koya mini cewa girman tafki da zafin ruwa da ƙarfin inji ne suke yanke hukunci.

Tushen lissafin shi ne ruwan da ya ratsa matatar ruwa, wato na'urar da ke tace datti, a rana ya kai yawan ruwan tafkin, aƙalla sau ɗaya, abin da ake kira zagaye ɗaya. Idan tafki yana cin lita 60,000, inji kuma yana tura lita 10,000 a awa, to awa 6 ke nan. Amma adadin da aka rubuta a jikin inji yakan fi abin da yake turawa a zahiri, domin tsawon bututu da lanƙwasarsa da dattin da ya taru a matata duk suna rage gudun ruwa. Sannan ruwan da aka tace yana komawa ne ya gauraya da wanda ba a tace ba, don haka zagaye ɗaya ba ya kaiwa ga kowane ɗigo. A lissafi, zagaye ɗaya yana tace kusan kashi 63 cikin ɗari, na biyu ya kai 86, na uku 95. Shi ya sa ni dai na fi samun natsuwa da zagaye biyu idan ana yawan shiga ruwan.

Zafi yana sauya komai, domin gansakuka tana saurin yaɗuwa a ruwa mai ɗumi, hasken rana kuma yana cinye kulorin, sinadarin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta a ruwa. Wasu masu sana'ar sukan raba zafin ruwa gida biyu, wato idan ya kai digiri 28, a ba inji awa 14. A ganina wannan ya ɗan yi yawa ga tafkin da injinsa ke da ƙarfi, amma ya fi a wayi gari ruwa ya zama kore. Mafi yawan awannin kuwa da rana ya kamata su kasance, lokacin da ake iyo kuma rana ke dukan ruwan.

Darasin da ya fi ba ni mamaki ya shafi kuɗin wuta. Mai gida yakan rage awanni don lantarki ya yi sauƙi, alhali maganin yana wajen gudun injin. Idan aka rage gudu zuwa rabi, ruwan da inji ke turawa yana komawa rabi, amma wutar da yake ci tana sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas. Ke nan injin da ake iya saita gudunsa, idan ya yi awa 16 a rabin gudu, ya tura ruwan da zai tura a awa 8 na cikakken gudu, da kusan rubu'in wutar. Sannu ba ta hana zuwa, kuma matata ma ta fi kama ƙananan datti idan ruwa yana ratsa ta a hankali. Iyaka dai kada gudun ya yi ƙasa har ya kasa janye ganyen da ke yawo a saman ruwa.

Kafin a ɗora wa inji laifi, a duba ma'aunin matsi na matata, domin idan allurar ta hau sosai fiye da inda take bayan wanki, ƙarin awanni ba zai amfana ba sai an wanke ta.

Hanyar da nake bi a kowane tafki ita ce in fara da abin da lissafi ya bayar, sannan in riƙa rage awa ɗaya bayan 'yan kwanaki, ina auna kulorin don ya tsaya tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita. Ranar da ruwan ya fara dushewa, sai in mayar da awar da na cire. Bayan ruwan sama mai ƙarfi, ko taron mutane, ko zuba kulorin mai yawa don kashe gansakuka, nakan bar inji ya yi awa 24 a jere har ruwan ya washe.