Hayar Littattafai Daga Cikin Ɗaki

Hayar littattafai ita ce sana'ata, kuma ban taɓa buɗe shago ba. Daga ɗakina nake yi, a wata unguwa cikin birnin Kano, da akwatunan ƙarfe da littafin rajista. Na fara a farkon shekarun 2000, lokacin da ƙagaggun labaran Hausa suke tashe, waɗanda masana suka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Ba neman kuɗi ne ya kai ni ba. Ni dai in labari ya taɓa ni, ba na samun sukuni sai na danƙa wa wata, in zauna jiran ta gama mu tattauna. Da masu aro suka yi yawa, maigidana ya ce in sa ɗan kuɗi a kai, ko don in riƙa sayen sababbi.

Yawancin masu karɓa matan aure ne da ba sa fita, saboda haka a ƙafar yara sana'ar take tafiya. Yarinya za ta yi sallama da 'yan kuɗi a dunƙule a hannu, ta ce, "Yaya, wai in ji Umma a ba ta na biyu." Kashi-kashi littattafan suke fitowa, na ɗaya, na biyu, na uku, kuma marubuciya ba ta tsayawa sai a daidai inda rai ya rataya. Nan wahalar take. In na biyu ya maƙale a wani gida, duk waɗanda suka gama na ɗaya sai su yi ta turo aike safe da yamma. Dole na koyi sayen kwafi biyu na kowane kashi na tsakiya. Na kuma koyi ɗinke sabon littafi da allura da zare tun kafin ya fita, in yi masa bango da takarda mai kauri, domin zai ratsa madafi, zai sha hannun manja da na jarirai.

Masu suka suna da yawa. Sun ce littattafan nan suna ɓata tarbiyya, har ta kai ga an ƙona wasu a Kano a 2007. Ban ce babu na banza ba. Akwai waɗanda na karanta na hana su shiga akwatina. Sai dai na ga abin da masu sukar ba su gani ba. Mata da yawa a unguwarmu sun koyi karatun boko ne a ajin yaƙi da jahilci, irin wanda Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano take gudanarwa tun kafa ta a 1980. Wadda ta gama ajin ta koma gida ba ta da abin karantawa, nan da nan karatun yake zubewa. Labaran nan ne suka riƙe wa da yawansu shi.

Akwai wata dattijuwa da take bin layi da ɗan yatsa, littafi ɗaya ya yi mata mako biyu. Ban taɓa ƙara mata kuɗin kwana ba. Wata rana ta zo da kanta ta ce, "'Yar nan, ba ki da na tarihi?" Na nemo mata abin da aka rubuta kan Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta riƙa tura jajis, wato malamai mata da ta horar, ƙauyuka suna koyar da mata ta hanyar waƙa. Ta dawo da shi tana ta mamaki, wai ashe kai wa mace ilimi har inda take tsohon abu ne a ƙasar nan. Shi ya sa ba na tura wa kowa littafin da ni nake ganin ya fi amfani. Abin da mace ta nema nake ba ta. In karatu ya kama ta, da bakinta za ta nemi na gaba.

Yanzu waya ta rage kasuwar ƙwarai. Marubuta suna sakin labari a WhatsApp da Wattpad, a tura musu kuɗi ta banki, ga tsadar takarda ta sa bugawa ta yi wuya. Ban ji haushi ba, domin 'yan mata suna karatu, suna kuma rubutu. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da marubuta mata da dama.

Sai na karkata ga yara. Ranar Alhamis da yamma, da yake babu makarantar allo, nakan shimfiɗa tabarmi a tsakar gida in karanta musu da ƙarfi, mai so ya tafi da littafi kyauta ya dawo da shi. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙarancin littattafan yara masu hotuna da Hausa. Nakan zaga wajen masu sayar da littattafai a Sabon Gari in dawo da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Don haka na fara rubuta tatsuniyoyin da na ji a bakin kakata, wani yaron maƙwabta yana zana hotunan, muna kaiwa a yi mana fotokwafi.