Ƙaramar bindigar aljihu: abin da nake gyarawa da wanda nake ƙi

Shagona ɗan ƙarami ne a gefen Houston, jihar Texas, gyaran bindiga nake yi da lasisin FFL, wato lasisin sana'ar bindiga, wanda ATF, hukumar Amurka mai kula da makamai, ke bayarwa. Ƴan gida ku lura, a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta saka fistol cikin haramtattu sai da izinin shugaban ƙasa, to nan tsarin daban ne kwata kwata.

Tun Satumba 2021 da Texas ta yarda baligi mai shekara 21 ya riƙe fistol ba sai da lasisi ba, ƙananan nan na aljihu suka cika min tebur, musamman Ruger LCP mai cin harsashin .380, wadda ta fito a 2008, nauyinta ba harsashi bai kai giram 300 ba. Kuma kusan kowa maganarsa ɗaya ce, oga a sassauta min kunama ta yi tauri. Ni kuma ba na yi. Bindigar nan ba ta da makullin da ake turawa da yatsa, tsawon jan kunamar da taurinta su ne tsaronta, abu ne da zai wuni a aljihun wando kusa da cinyarka, kana sunkuyawa kana shiga mota, in na mayar da ita mai laushi wa na taimaka? Wasu su yi fushi su tafi wani shagon, to Allah raka taki gona.

Abin da nake yarda in taɓa kaɗan ne. Saiti na farko, don tsohuwar LCP saitinta a jikin ƙarfen saman aka sassaƙa shi, ɗan mitsitsi, sai dai in ɗiga masa fenti ruwan lemo a gaba. LCP Max ta 2021 ita ta zo da na tritium mai haske cikin duhu, shi ma fa haskensa yana raguwa rabi a wajen shekara 12, ba na har abada bane. Sai rigar roba ta kamfanin Hogue a mariƙi, da gindin magazin mai ɗan tsawo yadda yatsa zai samu wurin zama, da sabon sifirin in tsohon ya gaji. Shikenan, ribar ma ba wani abin kirki.

Inda ake sanin gaskiya filin harbi ne, kuma ba na miƙa aiki sai mun je tare da mai ita. Gwajin harbin da Texas ke yi wa mai son lasisin riƙe fistol nake bi, harsashi 50, 20 a yadi 3, 20 a yadi 7, 10 a yadi 15, maki 175 cikin 250 ne cin jarabawa. A yadi 3 kowa gwani ne. A 15 ne za ka ga ramukan sun gangara ƙasa ta hagu in mutum na dama ne, ya juyo yace min saitin ya karkace, alhali fizgar kunama yake don tsoron ƙarar, bututun inci 2.75 ne kawai, ɗan motsi kaɗan ya watsar da kai.

Wata baiwar Allah nas ce, tata sai ta riƙa cijewa, kwanson ya maƙale a tsaye a bakin inda yake fita, ta rantse bindigar ce ta lalace. Na karɓa na harba magazin ɗin nan nata ya tafi sumul. Wuyan hannunta ne ke lanƙwasa yana shanye ƙarfin da ya kamata ya tura ƙarfen saman baya, muka gyara riƙo, ta matse da hannu biyu, ya daina.

Wanda ya fi ci min rai shine mutum ya yi gwaji da harsashi mai araha mai zagayen kai, sannan ya cika ta da mai ramin baki, na tsaron kai, wanda bai taɓa harbawa ba ko sau ɗaya wai don tsada. Kowace bindiga da irin wanda take haɗiyewa lafiya. Dole ka ƙona kwali ko biyu na wanda za ka riƙa ɗauka, a kowane magazin naka, kuma littafin LCP ɗin ma ya hana saka mai ƙarin ƙarfi da ake rubuta wa +P. Kuɗin da ka ware na kunama, kai shi can, ragowar ka sayi kube mai rufe kunamar gaba ɗaya.