Shekara Huɗu a Sashen Turanci

Ranar da sunana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka a jami'a, na sami Baba a zaure bayan La'asar na kai masa labari. Ya tambaye ni abin da zan karanta, na ce Turanci. Ya ɗan yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "Turancin da ka shekara goma sha biyu kana koya tun firamare, har yanzu da saura?" Ban sami amsar ba shi ba, domin ni kaina aikin lauya na nema, makin JAMB ne bai kai ba aka tura ni Sashen Turanci. Ya sa mini albarka, na tafi da tambayarsa a raina.

Zatona za a cika mu da manyan kalmomi ne, irin waɗanda ake jefawa a taro mutane su yi tsit. Sai na tarar karatun ya rabu gida biyu: ɓangaren harshe, inda ake nazarin sauti da ginin kalma da ginin jimla da ma'ana, da ɓangaren adabi, inda ake zama da waƙa da wasan kwaikwayo da ƙagaggen labari.

Darasin furuci shi ya fara girgiza ni. Malaminmu ya cika allo da alamomi, ya ce haruffan Turanci 26 ne, amma sautukan da Baturen Ingila yake furtawa sun kai 44: baƙaƙe 24, wasula 20. Mu kuwa mun taso da wasula biyar, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye irin su ai da au. Duk lokacin da ɗayanmu 'yan Arewa ya tashi karatu ya haɗa p da f, sai an yi 'yar dariya a bayan aji. Wata rana Malam ya dakatar da darasi saboda wannan. Ya ce babu lalaci a ciki, babu jahilci. Hausa ba ta bambanta ma'anar kalma da waɗannan sautuka biyu, kuma f ɗinmu da leɓɓa biyu ake yin ta, ta Bature kuwa da haƙoran sama da leɓen ƙasa. Ya ƙara da cewa Hausa ba ta yarda baƙaƙe biyu su cunkushe a farkon gaɓa, shi ya sa take cusa wasali a tsakaninsu, aka sami burodi da buroshi da firamare da fulawa. Sannan ya bi masu dariyar ɗaya bayan ɗaya, ya nuna wa kowa inda harshen gidansu yake leƙowa cikin Turancinsa. Tun ina yaro ake gyara mini baki, amma ranar ce aka fara nuna mini cewa abin da ake kira kuskurena doka ce ta Hausa, mai tsari, wadda bakina yake bi da biyayya. Daga nan gyaran ya yi sauƙi, don na san abin da nake gyarawa.

Tarihin harshen Turanci kwas ne da yawancin 'yan ajinmu suka ɗauka na haddar shekaru. Ni shi ya fi zama mini a rai. An ba mu wani yanki na Turancin shekara dubu da suka wuce, babu wanda ya iya karanta layi ɗaya, har da waɗanda aka haifa da Turanci a gida. Sai labarin 1066, lokacin da William na Normandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da kotu da masu hannu da shuni, Latin na coci da malamai, Turanci kuwa aka bar wa manoma da barori. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Turanci. Kusan shekara ɗari uku ke nan harshen da yau ake ci wa yaro tara in bai yi shi ba a makaranta yana matsayin harshen talakawa a ƙasarsa ta haihuwa. Har yau tabon yana nan a jikinsa. Saniya tana turke sunanta cow, kalmar asalin Turanci, in namanta ya hau tebur sai ya koma beef, aron Faransanci. Haka tunkiya da namanta, sheep da mutton. Da na zo hutu na ba Baba wannan labari, shi da ya yi rayuwarsa a kara yana fataucin shanu, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Wato masu kiwon daban, masu cin daban." Abin da ya ɗauki malaminmu awa guda ke nan.

Wannan kwas ya cire mini wata kunya da ban san ina ɗauke da ita ba. Na sha jin ana cewa Hausa harshen aro ce: littafi da alƙali da hukunci daga Larabci, ciroma da galadima da yarima daga Barebari, agogo da akawu daga Yarbawa, mota da asibiti daga Turanci, a Nijar kuma lakwal da mushe daga Faransanci. To ga Turanci, fiye da rabin kalmomin ƙamus ɗinsa daga Latin da Faransanci suka zo, kuma ba wanda ya ce ya rage masa daraja. Chaucer, marubucin Ingila wanda ya rasu a 1400, ya zaɓi ya rubuta manyan ayyukansa da wannan harshe da ake rainawa alhali ya iya Faransanci da Latin. Irinsa ne suka ɗaga shi, sai kuma injin ɗab'i da jiragen ruwa da bindiga suka kai shi inda ya kai.

A ɓangaren adabi kuwa, faɗuwa ce ta koya mini karatu. Aikin gida na farko a kan littafin Chinua Achebe na 1958, Things Fall Apart, aka ba mu. Na cika shafi biyar da labarin Okonkwo, jarumin littafin, tun daga kokawa har zuwa rataya, na miƙa ina jin na yi abin kirki. Makin da ya dawo ya yi ƙasa ƙwarai. Na bi Malama ofis na gaishe ta na ce, "Ranki ya daɗe, ban ga inda na yi kuskure ba." Ta ce, "Ba ka yi kuskure ba. Labarin ka ba ni, ni kuwa na karanta shi tun ba a haife ka ba. Buɗe shafin ƙarshe." Na buɗe. Ta ce in gaya mata idon wa muke kallo da shi a nan. Sai a lokacin na lura cewa bayan mun yi littafi guda cur a cikin gidan Okonkwo da garinsa, a sakin layi na ƙarshe marubucin ya ɗauke mu ya saka cikin kan Baturen mulki, wanda yake tunanin cewa rayuwar wannan mutum za ta iya cika masa sakin layi ɗaya a littafin da yake rubutawa. Na karanta wurin sau uku a baya ban ga komai ba.

Tun daga ranar tambayoyin Malama suka zame mini jiki. Wa yake magana? Wa aka hana magana? Me ya sa wannan kalma aka zaɓa alhali ga 'yar'uwarta a kusa? In ka yi da'awa, ina shaidarka a shafi? Da su muka shiga littafin Joseph Conrad na tafiya a Kogin Kwango, wanda Achebe ya soka a laccarsa ta 1975 a Amurka saboda yadda baƙar fata suke cikinsa kamar inuwa, da ƙyar a ji bakinsu. Aji ya rabu, wasu suka ce a daina koyar da shi. Ni ina ganin a ci gaba, amma a ajiye Achebe a gefensa, domin ɗalibi ya ga da idonsa yadda jimla mai kyau take iya ɗaukar raini.

Amfanin wannan horo ya wuce jarrabawa. A darasin ginin jimla mun daɗe a kan siffar da Turanci yake amfani da ita ya ɓoye mai aikatawa. Hausa ma tana da tata: "an rushe shaguna," "an karkatar da kuɗin." Wa ya rushe? Yanzu ba na iya jin sanarwar hukuma ko karanta saƙon da ake yaɗawa a WhatsApp ban nemi wanda aka ɓoye a bayan wannan "an" ba.

Waƙa ta ba ni wahala shekara guda. Ana ta cewa layin Shakespeare gaɓa goma ne, ƙafa biyar, kowace ƙafa sassauci sannan ƙarfi, ni kuwa ƙirgawa kawai nake yi da yatsa, kunnena bai kama ba. Abin da ya buɗe mini shi ne wata Juma'a da na ji wani makaho yana rera Imfiraji ta Aliyu Namangi a ƙofar masallaci. Na tsinci ƙafata tana bin karin ba tare da na ƙirga komai ba. Ashe na san karin waƙa tun ina goye, ma'aunin ne ya bambanta. Rubutacciyar waƙar Hausa tana auna nauyin gaɓa, mai nauyi da marar nauyi, bisa aruli da muka gada daga Larabawa. Ta Turanci tana auna inda murya take dannawa. Da na gane haka sai na fara karanta waƙoƙin a bayyane maimakon da ido, suka fara motsi.

Akwai abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya. Sashen da ake nazarin Hausa yana kusa da namu, amma a shekara huɗu babu kwas ɗaya da ya haɗa mu. Mun karanta muhawarar taron marubutan Afirka na jami'ar Makerere ta Uganda a 1962, wanda aka shirya don masu rubutu da Turanci. Mun karanta yadda Achebe ya zaɓi ya tanƙwara Turanci ya ɗauki kayan Ibo, da yadda Ngugi wa Thiong'o na Kenya ya koma rubutu da harshensu na Kikuyu, shi da a 1968 yake cikin malaman da suka nemi a rushe Sashen Turanci na jami'ar Nairobi a kafa na adabin Afirka. Mun yi ta musu a kan wa ya fi gaskiya, da Turanci, babu wanda ya ce mana Abubakar Imam ya fitar da Ruwan Bagaja tun 1934, shekara 28 kafin wancan taro. Ga kuma ƙarancin littattafai: kwafi biyu ko uku ga aji mai mutum fiye da ɗari, sai hoton shafuka da taƙaitawar intanet. Da yawa sun gama digiri a kan littattafan da ba su taɓa karantawa daga farko zuwa ƙarshe ba, kuma ba duka laifin nasu ba ne.

Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wata takwas, shi ya ba ni lokacin da aji bai ba ni ba. A gida na ɗauko Magana Jari Ce na sake karantawa da tambayoyin Malama. Na ga aku yana jan labari cikin labari, tsarin da na sani a littafin Chaucer na matafiyan da suke ba juna labari a hanya. Na ga Imam ya ɗebo tatsuniyoyi daga Larabawa da Indiya da Turai ya sa musu rigar Hausa har ba ka ganin ɗinkin, kamar yadda Shakespeare ya ɗebo yawancin labaransa daga littattafan tarihi da na wasu marubuta. Daga nan kundin digirina ya fito: na bi Turancin marubutan Arewa irin su Zaynab Alkali da Abubakar Adam Ibrahim ina neman inda gaisuwa da karin magana da kunyar Hausa suke numfashi a ƙarƙashin jimlar Turanci.

Yanzu ina koyar da Turanci a wata sakandare. Akwai al'adar rubuta sunan duk wanda aka ji yana Hausa a aji don a ci shi tara, na ce ban da darasina. Makon jiya wani yaro a aji ɗaya ya tashi karatu ya mai da p ta zama f, aji ya fashe da dariya, ya sunkuyar da kai. Na kira shi gaban allo, na bayyana musu da Hausa dalilin da bakinsa ya yi haka. Na yago 'yar takarda na ce ya riƙe ta a gaban bakinsa, ya rufe leɓɓansa gam, ya tara iska, sannan ya sake ta gaba ɗaya. Ya gwada sau biyu ba ta yi ba. A na uku takardar ta kaɗa, ya ɗago kai ya ce, "Malam, in sake?"