Godiya bayan fitowar sakamakon maiɗakina

Alhamdulillahi. Sakamakon gwajin ƙullutun da aka cire wa maiɗakina a ƙwauri ya fito, kuma ba sankara ba ce. Likitoci suna kiransa dermatofibroma, wani ƙari na fata marar haɗari da ya fi fito wa mata a ƙafa. Ɗan tauri ne kamar ƙwayar gyaɗa, in an matse shi ta gefe sai tsakiyarsa ta lotsa.

Masu kiran waya kullum suna tambayar me ya riƙe sakamakon, ga bayani. Da aka fara duba naman a madubin likita, sai aka ga ƙwayoyinsa sun yi cunkoso har sun taɓa kitsen ƙarƙashin fata. Akwai wata sankara, DFSP, mai irin wannan kama. Ba ta cika yaɗuwa ba, amma tana da naci, sai an yanke fata mai faɗi kafin a rabu da ita. Likitar da ke duba nama ta ƙi ta sa hannu a kan zato. Ta ce a sake yanko siraran ɓarori daga naman da aka daskarar a kaki, a ɗiga musu sinadaran da kowanne ke manne wa furotin guda, inda ya kama sai wurin ya rine ruwan ƙasa. Da haka ake gane asalin ƙwayoyin da suka haifi ƙarin.

Sinadarin CD34, wanda yakan rine DFSP kaf, bai kama ƙwayoyin ƙarin ba. Factor XIIIa, wanda yakan rine dermatofibroma, ya kama. S100, mai nuna ƙarin da ya fito daga jijiya ko ƙwayoyin launin fata, shi ma shiru. An nuna mini hoton a kwamfuta, ni dai ɗige-ɗige kawai na gani, amma ban taɓa murna da ɗigo irin ta ranar ba.

Wannan baiwar Allah da ta duba naman, da ma'aikatan ɗakin gwajin da ko fuskarsu ba mu sani ba, Allah Ya saka musu da alheri. Haka likitan tiyatar da ya hana mu tafiya da naman gida. Inna ta so a binne shi kamar yadda aka saba. Shi ya dage a sa shi a kwalbar fomalin, ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, a kai gwaji. Da an binne, da har yau muna cikin zullumi.

Surukaina, Yaya Babba da ta riƙe yara, abokan aiki da suka yi karo-karo don kuɗin gwaji na biyu (ba shi da arha ko kaɗan), da jama'ar masallacin unguwa da suka sa mu a addu'a, na gode, Allah Ya bar zumunci.

An cire zare, maiɗakina tana takawa. Likita ya ce irin nata mai cunkoson ƙwayoyi yakan iya dawowa a wurin, don haka za mu riƙa komawa asibiti. Masu son zuwa dubiya, bayan la'asar ya fi mana sauƙi.